Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo: Baƙaƙen Fatar Amurka da Kuɗin 'Yan Sanda

 'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu masu daraja, yau alƙalamina zai ƙetare teku ne zuwa ƙasar Amurka, domin in tattauna wata gardama da ta raba kan mutanen can tun shekarar 2020. Gardamar kuwa ita ce: shin ya kamata a rage kuɗin da ake kashewa a kan 'yan sanda, a mai da shi ga waɗansu ayyuka kamar asibitoci da makarantu da gidajen kwana da kula da masu taɓin hankali? Abin da ya ja hankalina a cikin wannan magana shi ne yadda launin fatar mutum yake shiga cikin amsar da zai bayar, da kuma yadda mutane da yawa suka yi wa amsar baƙaƙen fata gurguwar fahimta.

Kafin in yi nisa, ya kamata mai karatu ya san yadda aikin ɗan sanda yake a can. Mu nan mun saba da runduna guda ɗaya ta tarayya. A Amurka kuwa akwai hukumomin 'yan sanda wajen 18,000, kuma mafi yawansu na birane ne da gundumomi. Kakanninmu da suka ga zamanin 'yan dokan En'e za su fi mu saurin gane wannan tsari. Majalisar birni da magajin gari su ne suke zama kowace shekara su yanka wa 'yan sanda rabonsu, daga cikin asusun da ake biyan 'yan kwana-kwana da masu shara da masu gyaran hanya. Saboda haka idan rabon ɗan sanda ya yi kauri, sau da yawa rabon wani ne ya yi siriri. Birnin Niyok kaɗai yana kashe wa 'yan sandansa kimanin dala biliyan 6 a shekara a lokacin da gardamar ta taso.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Rashin jituwa tsakanin baƙar fata da ɗan sanda a Amurka tsohon miki ne. Tun shekarar 1704 aka kafa 'yan sintiri a Karolaina ta Kudu, waɗanda aikinsu shi ne farautar bayin da suka gudu da hana su taruwa. Bayan an soke bauta a 1865, 'yan sanda ne suka riƙa tsare dokokin wariyar launin fata a jihohin kudu. A watan Maris na 1965, a garin Selma na jihar Alabama, 'yan sanda suka far wa baƙaƙen fata da kulake da barkonon tsohuwa, alhali kuwa laifinsu kawai shi ne sun fito neman 'yancin jefa ƙuri'a. Yaron da ya ga an yi wa kakansa haka, da wuya ya ga baƙin kaki gabansa bai faɗi ba.

Sa'an nan ranar 25 ga Mayu, 2020, a birnin Miniyapolis, wani ɗan sanda farar fata mai suna Derek Chauvin ya danne wuyan George Floyd da gwiwa har fiye da minti 9, Floyd yana kwance a ƙasa da ankwa a hannu, har rai ya yi halinsa. Abin da ake zarginsa da shi bai wuce sayen taba da jabun takardar dala 20 ba. Wata yarinya ta ɗauki hoton abin da wayarta, duniya duka ta gani. Miliyoyin mutane suka cika tituna, aka riƙa ɗaga kwalaye masu cewa a janye wa 'yan sanda kuɗi. A 2021 kotu ta sami Chauvin da laifin kisa, ta ɗaure shi shekara 22 da rabi. Amma ɗaurin mutum ɗaya bai kashe gardamar kuɗi ba.

To, yanzu ga inda gizo yake saƙa. A tsakiyar 2020 kamfanin Gallup, wanda aikinsa shi ne jin ra'ayin jama'a, ya tambayi Amurkawa ko sun yarda a rage kuɗin 'yan sanda a mai da shi ga ayyukan jin daɗin jama'a. Kashi 70 cikin 100 na baƙaƙen fata suka ce sun yarda. A cikin fararen fata kuwa kashi 41 ne suka yarda. Wanda ya tsaya nan sai ya ce ai magana ta ƙare, baƙaƙen fata ba sa son 'yan sanda. Amma kamfanin nan dai, a cikin waɗannan makonni, ya sake tambayarsu ko suna so 'yan sanda su rage zama a unguwanninsu. Kashi 61 suka ce a bar shi yadda yake, kashi 20 suka ce ma a ƙara, kashi 19 kaɗai suka ce a rage. Watau kashi 81 ba sa son ɗan sanda ya yi nisa da ƙofar gidansu. Da aka tambaye su ko a rushe hukumar 'yan sanda ɗungurungum, kashi 22 ne kawai suka amsa da na'am.

Waɗansu sun dubi waɗannan alƙaluma suka ce mutanen nan ba su san abin da suke so ba, baki biyu gare su. Ni kam ban yarda ba. A ganina amsoshin nan biyu daga ciwo ɗaya suka fito, kuma duk wanda ya dubi halin da baƙar fatar Amurka yake ciki zai gane haka. Baƙaƙen fata ba su wuce kashi 13 zuwa 14 cikin 100 na mutanen ƙasar ba, amma kusan rabin waɗanda ake yi wa kisan kai kowace shekara daga cikinsu suke. Har ila yau, jaridar Washington Post ta fara ƙirga mutanen da 'yan sanda suke harbewa a 2015, ta tarar suna kai wajen 1,000 a shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, abin ya fi faɗa wa baƙar fata fiye da ninki biyu na farar fata. Gaba kura ke nan, baya sayaki. Uwar da take tsoron ɗan daba ya harbe ɗanta a bakin kanti, ita ce dai take tsoron ɗan sanda ya harbe shi a bakin hanya. Idan ka tambaye ta ko tana son ɗan sanda a unguwa, za ta ce tana so. Idan ka tambaye ta ko tana son a kashe kuɗi a kan makarantar ɗanta da asibitin unguwa, za ta ce tana so. Ina baki biyu a nan?

Wannan kuka ba sabo ba ne. Bayan tarzomar da aka yi a biranen Amurka a 1967, Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Gwamna Otto Kerner. Rahoton da kwamitin ya fitar a 1968 ya nuna cewa mazauna unguwannin baƙaƙen fata suna kuka da abu biyu a lokaci guda: cin zarafin da 'yan sanda suke yi musu, da kuma sakacin da ake yi da su idan sun nemi agaji. Haka kuma wani malamin shari'a baƙar fata, James Forman Jr., ya rubuta littafi a 2017 a kan birnin Washinton, inda ya nuna cewa a shekarun 1970 da 1980 shugabannin baƙaƙen fata da kansu sun nemi a tsananta wa masu laifi, amma tare da haka sun nemi aikin yi da makarantu da asibitin masu shaye-shaye. Sai aka ba su kurkuku da 'yan sanda, aka yi kunnen uwar shegu da sauran buƙatun.

Me ya sa amsar farar fata ta sha bamban? Ba zan ce duk farar fatar da ya ƙi a rage kuɗin 'yan sanda mugu ne ba, don yin haka zalunci ne. Abin da mutum ya gani da idonsa shi yake gina ra'ayinsa. A 2020 Gallup ya tarar kashi 56 cikin 100 na fararen fata sun amince da 'yan sanda ƙwarai, a cikin baƙaƙen fata kuwa kashi 19 ne kawai. Wanda duk lokacin da ya kira ɗan sanda ya zo da sauri ya gaishe shi da ladabi, don me zai so a taɓa kuɗinsa? Bugu da ƙari, unguwarsa da ma tana da makaranta mai kyau da asibiti da filin wasa, saboda haka bai ga wani giɓi da za a cike ba. Akwai kuma siyasa, domin a Amurka jam'iyyar mutum tana juya ra'ayinsa a kan wannan batu ƙwarai da gaske. Farar fata ɗan jam'iyyar Dimokurat ya fi kusa da baƙar fata a wannan magana fiye da yadda yake kusa da ɗan'uwansa farar fata ɗan Rifablikan.

Amma akwai wani rukuni na fararen fata da nake so mu duba da kyau, watau masu zafin kishin gyara, waɗanda muryarsu ta yi ƙarfi sosai a 2020. Abin da ya faru a Miniyapolis ya isa darasi. Ranar 7 ga Yuni, 2020, 'yan majalisar birnin 9 daga cikin 13 suka hau dandamali a wani filin shaƙatawa, suka yi alkawarin rushe hukumar 'yan sandan birnin. Ba su faɗi dalla-dalla abin da zai maye gurbinta ba. Cikin watannin da suka biyo baya 'yan sanda wajen 300 suka bar aiki, harbe-harbe kuma suka yawaita. Su wa suka fara kai ƙara kotu? Mutum 8 ne daga arewacin birnin, inda baƙaƙen fata suka fi yawa, suna cewa an bar su ba mai tsare su. A 2022 babbar kotun jihar Minisota ta yanke cewa wajibi ne magajin gari ya riƙe 'yan sanda aƙalla 731. Kafin nan, a watan Nuwamba na 2021, an jefa ƙuri'a a kan ko a maye gurbin hukumar 'yan sanda da wata sabuwar ma'aikatar tsaron jama'a. Kashi 56 cikin 100 suka ƙi, kuma unguwannin arewacin birnin suna cikin waɗanda suka ƙi, alhali waɗansu unguwannin matasa masu yawan fararen fata sun amince. An yi wa mai ɗaki gyaran rufi ba a tambaye shi inda yake masa yoyo ba.

Daga nan sai iska ta juya. Cibiyar bincike ta Pew ta tarar a watan Yuni na 2020 kashi 42 cikin 100 na baƙaƙen fata suna son a rage kuɗin 'yan sandan yankinsu. Zuwa Satumba na 2021 sai suka koma kashi 23, masu son a ƙara kuɗin kuma suka kai kashi 38. A ƙasar baki ɗaya masu son ragi suka sauko daga kashi 25 zuwa 15. Birnin Ostin na jihar Tekzas, wanda ya yanke wajen dala miliyan 150 daga kuɗin 'yan sandansa a 2020, ya mayar da su a 2021 bayan jihar ta kafa dokar hukunta biranen da suka yi ragi. A shekarar nan ta 2021 mutanen Niyok suka zaɓi Eric Adams, baƙar fata kuma tsohon hafsan 'yan sanda, ya zama magajin gari. A watan Maris na 2022 Shugaba Joe Biden ya tsaya gaban majalisar ƙasa ya ce abin da ya dace shi ne a ba 'yan sanda kuɗi, ba a janye musu ba.

Masu adawa da ragi suna da hujja mai nauyi, kuma ba zan ɓoye ta ba. A 2020 kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100 a Amurka, ƙarin da ba a taɓa ganin irinsa a shekara ɗaya ba tun da aka fara ƙirga. Suna cewa ga sakamakon raina ɗan sanda nan. Amma in aka duba da kyau, kisan ya ƙaru a biranen da suka rage kuɗi da waɗanda suka ƙara, ya ƙaru a birni da ƙauye. Shekarar annobar korona ce, an rufe makarantu da wuraren aiki, an kuma sayi bindigogi da yawa fiye da yadda aka saba. Saboda haka ɗora wa ragin kuɗi laifin duka bai yi daidai ba. Duk da haka, wanda harsashi yake wucewa ta tagarsa ba ya jiran masana su gama gardama. Shi dai ya san ya buga waya an daɗe ba a zo ba.

Masu son ragi su ma suna da tasu hujjar. A 2020 jaridar New York Times ta duba littattafan aikin 'yan sanda na waɗansu birane, ta tarar lokacin da suke kashewa a kan manyan laifuffuka na zub da jini bai wuce wajen kashi 4 cikin 100 ba. Sauran lokacin yana tafiya ne a kan hatsarin mota, da ƙarar maƙwabta, da mashayi da ya kwanta a bakin titi, da mai taɓin hankali da ya tayar wa iyalinsa hankali. Kuma kusan mutum 1 cikin 5 na waɗanda 'yan sanda suke harbewa an san yana da ciwon taɓin hankali. Wane mai hankali ne zai aika maharbi wurin da ake neman likita? Ga shi kuma a shekarun 2020 zuwa 2022 kusan rabin kisan kan da aka yi a ƙasar ba a kama kowa a kai ba. Da an sauke wa ɗan sanda kayan da ba nasa ba, da ya sami sukunin bin sawun masu kisa.

An kuwa gwada hakan, an ga amfaninsa. A garin Yujin na jihar Origon, tun 1989 aka fara aika ma'aikacin jinya da mai ba da shawara a cikin mota, ba bindiga ba ankwa, zuwa wurin masu taɓin hankali da marasa wurin kwana. Birnin Denba na jihar Kolorado ya fara irin wannan shiri ranar 1 ga Yuni, 2020. A cikin wata 6 na farko ma'aikatan suka amsa kira fiye da 700, ba a kama ko mutum ɗaya ba. Malamai biyu na Jami'ar Stanford suka bincika, suka buga sakamako a 2022 cewa rahoton ƙananan laifuffuka ya ragu da kashi 34 cikin 100 a unguwannin da shirin ya shafa, manyan laifuffuka kuma ba su ƙaru ba. Abin takaici, a 2025 rashin kuɗi ya tsayar da aikin motocin nan a cikin garin Yujin, bayan sun shekara fiye da 35 suna yi. Wannan ya nuna mini cewa maganar kuɗi ba wasa ba ce. Shirin da ba shi da tsayayyen rabo a cikin kasafin birni, komai kyansa, ranar da aljihu ya yi zafi shi za a fara yankewa.

Ga ra'ayina a taƙaice. Na goyi bayan a mai da wani kaso na kuɗin 'yan sanda ga waɗansu ayyuka, amma da sharaɗi uku. Na ɗaya, a fara gina sabon kafin a taɓa tsohon, kada a saki reshe a kama ganye. A sayi motoci, a ɗauki ma'aikatan jinya, a tabbata suna amsa kira dare da rana, sa'an nan a sauke wa ɗan sanda wannan kaya, kuɗin kuma ya bi kayan. Na biyu, kada a rage masu binciken kisan kai da fashi, domin su ne abin da talakan unguwa ya fi nema, kuma a hukunta ɗan sandan da ya ci zarafin mutane ba tare da jiran sai an ɗauki hotonsa ba. Na uku, wanda ya fi duka, a tambayi mutanen da abin zai fara shafa, a kuma saurari amsarsu gaba ɗayanta. Ɗan siyasar da ya ɗauki kashi 70 ya jefar da kashi 81 ya ci amanarsu, haka nan wanda ya ɗauki kashi 81 ya jefar da kashi 70.

Akwai kuma darasi game da magana kanta, wadda aka ce zarar bunu ce. Masu kirarin a janye wa 'yan sanda kuɗi ba abu ɗaya suke nufi ba. Wani yana nufin a rage kaɗan, wani yana nufin a rushe duka. Da kirarin ya shiga kunnen tsohuwar da take kwana da fargaba, sai ta ji kamar an ce za a cire mata ƙyauren ɗaki. Mun ga yadda amsar mutane ɗaya take sauyawa daga kashi 70 zuwa kashi 22 saboda an sauya kalmomin tambaya. Da tun farko cewa aka yi a aiko da likita wurin mara lafiya, ɗan sanda kuma ya bi ɓarawo, da mutane ƙalilan ne za su ja da maganar.

'Yan'uwana ɗalibai, nan gaba waɗansunmu za su zama 'yan majalisa, waɗansu 'yan jarida, waɗansu ma 'yan sanda. Duk ranar da aka kawo muku alƙaluma aka ce ga abin da mutanen kaza suke so, ku tambaya yadda aka yi musu tambayar, da kuma sauran abin da suka faɗa wanda ba a kawo ba. Iyayenmu kuma, ku da kuka fi mu sanin yadda ake raba ɗan abin da ke hannu tsakanin cefane da kuɗin makaranta da magani, ina fata za ku tattauna wannan batu da mu a gida, ku gyara mana inda tunaninmu bai kai ba. Wanda yake da wani ra'ayi daban, filin mujallar nan a buɗe yake, ina sauraron amsarsa a fitowa ta gaba. Nan zan dasa aya.